Yalwa da Mai Gadin Rumbu

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

To ku matso kusa. Sahura, share hawayen nan haka, ke da kika tara mana unguwa ɗazu don kin ga gizo-gizo a bayan randa. Wannan tatsuniya Gwaggo Barmani ce ta fara yi mini ita, yayar babana, ranar da ni ma na yi irin wannan ihun naki. Yadda ta ba ni haka zan ba ku.

Wata yarinya ce wai ita Yalwa, tana zaune da kakarta Iya Tabawa a wani ɗan ƙauye. Babanta ya tafi fatauci, ya ce zai dawo da ruwan farko a yi shuka. Kafin ya tafi ya cika musu rumbu da gero, sannan ya zaɓi zangarniyoyi manya masu ƙwaya, ya ɗaure su daban, ya rataye a sama cikin rumbun. Ya ce, "Iya, wannan iri ne. Ku ci na ƙasa, kada a taɓa na sama. In babu shi babu shuka, in babu shuka babu mu baɗi."

Ku 'yan yanzu buhu kuka sani. Rumbun ƙasa bakinsa a sama yake, ɗan ƙarami, an kife shi da jinka. Sai an kafa tsani an hau, a ɗaga jinkar, a zura ƙafa a dira ciki. Iya Tabawa kuwa gwiwoyinta sun daɗe da yin yaji, ko dokin ƙofa sai ta dafa take tsallakewa. Shiga rumbu ya zama aikin Yalwa.

Yalwa ba raguwa ba ce. Tana jan guga a rijiya mai zurfi, tana kama bunsuru ta ƙaho, in ƙaya ta soke ta da kanta take cirewa. Abu ɗaya ne ke kaɗa mata hanji, shi ne Gizo. Tun tana goye, in ta yi kuka sai a ce, "Yi shiru, ga Gizo nan zai ɗauke ki!" Masu goyonta sun faɗa, maƙwabta sun faɗa, har mai tallan nono ta faɗa. Ta girma da abin a ranta. Da ta hango yana a lungu sai ta runtse ido ta ruga, don haka ba ta taɓa tsayawa ta dube shi ba ko sau ɗaya.

Ran nan da safe Iya ta ba ta ƙuli-ƙuli ta karya kumallo, ta ce, "Ƙawata, hau ki ɗebo mana gero." Yalwa ta kafa tsani, ta ɗaga jinka, ta dira ciki da ƙulinta a hannu.

Ashe Gizo a nan ya yi gida. Ya saƙa yanarsa a ƙarƙashin bakin rumbun, ta kewaye irin nan da aka rataye. Da ya ji dirar mutum sai ya sulalo a kan zarensa don ya ga ko wane ne. Hasken rana ya shigo ta bakin rumbu ya doke shi, inuwarsa ta faɗa jikin bango, ƙatuwa kamar bijimin sa mai ƙafa takwas.

Yalwa ta ga bango, ta ƙwalla ƙara, ta rufe ido da hannu biyu.

Gizo ya dubi yarinya, ya dubi bango, ya gane abin da ke nan. Kun san shi da wayo, kun kuma san shi da tsamin baki, ba ya iya cewa yarinya. Ya kumbura murya, cikin rumbu ya amsa masa kamar ganga.

"Ke yayinya! Wa ya ce ki shigo mini gida?"

"Iya ce ta aiko ni. Don Allah kada ka cinye ni!"

"Mene ne a hannunki yake ƙamshi?"

"Ƙuli-ƙuli ne."

"Ajiye shi nan! Yufe ido, ki ɗebi geyo da lalube, ki fita. In kika buɗe ido, loma ɗaya zan yi da ke."

Ta ajiye, ta laluba, ta fita. Gizo ya zauna ya yi ta gurgurar ƙuli yana dariya har zarensa na lilo.

Da geron da ta ɗebo ya ƙare ta sake hawa. Gizo ya sulalo cikin hasken, ya ce, "Yayinya, me aka kawo mini?" Ta ajiye curin fura. Da ta sake komawa ya ce fura ta gundure shi, ɗumamen tuwo yake so, kuma a sa man shanu. Ta kawo. Tun daga nan duk abin da Iya ta ba ta da safe, rumbu yake tafiya.

Iya ta dube ta wata rana ta ce, "Ƙawata, wuyanki ya yi tsawo kamar na zalɓe. Ina abincin da nake ba ki yake shiga?"

"Ina ci, Iya."

Kunya ce ta hana ta faɗa. Yarinyar da ake yabo da kama bunsuru, ta ce Gizo ke ƙwace mata karin kumallo? Sai ta ce a ranta gara ta nemo wanda zai kore shi ba tare da kowa ya ji ba.

Ta tarar da Kaza tana tono a bakin turmi. Ta ce, "Kaza, za ki iya da Gizo?"

Kaza ta ce, "Gizo? Sara ɗaya ne. Ɗauke ni ki sa ni a ciki."

Ta sa ta a rumbu, ta sauko ta zauna a gindin tsani. Can ta ji ƙwas, ƙwas, ƙwas.

"Kaza, kin cinye shi?"

"Saura kaɗan!"

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Da Yalwa ta gaji ta ciro ta, sai ga Kaza ƙirji ya cika fam da gero, ko tafiya da ƙyar.

"Ina Gizon?"

"Wai a sama yake. Ni kuwa ƙasa na duba."

Yalwa ta je wurin Ƙadangare a kan katanga. Ta ce, "Ƙadangare, za ka kore mini Gizo?" Ya gyaɗa kai. "Yau ɗin nan?" Ya gyaɗa kai. Ya hau rumbu da gudu kamar abin gaske, ya isa kan jinka, ya ji rana ta gasa wurin da daɗi, ya baje ciki ya kwanta. Da la'asar ta ce, "Ka kore shi?" Ya gyaɗa kai. "Ko dai ba ka kore shi ba?" Ya gyaɗa kai. Yalwa ta yi tsaki ta bar shi.

Ta uku ita ce Zanzaro, mai siririn ƙugu, wadda ke gina ɗan ɗakinta na laka a bangon zaure. Yalwa ta gaya mata damuwarta. Zanzaro ta ce, "Ni ba na dogon zance. Ɗaga mini jinka."

Zuuu, ta shige. Ba a jima ba, zuuu, ta fito riƙe da wani abu. Yalwa na kan tsani, amma ta runtse ido, ba ta ga ko mene ne ba. Zanzaro ta harbi Gizo jikinsa ya mutu, ta kai shi ɗakinta na laka, ta liƙe ƙofa, ta ajiye shi abincin 'ya'yanta in sun ƙyanƙyashe.

Murna wurin Yalwa ba a magana. Ta ɗauko tsintsiya ta dira rumbu, ta share yanar nan tas, ta sama da ta gefe da wadda ta lulluɓe irin, ko zare ɗaya ba ta bari ba. Ta koma cin ƙulinta ita kaɗai, kumatunta suka dawo.

Ana nan ana nan, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Wata safiya ta ɗaga jinka sai wasu ƙananan ƙwari masu fiffike suka taso mata a fuska kamar hayaƙi. Ta dira, ta taɓa zangarniyar iri guda, sai gari ya zubo mata a hannu. Ta ciro ta ta kai wa Iya.

Iya ta murza a tafin hannu, ta hura, ta ga ƙwayoyin duk huda. Sannan ta ce, "Wa ya share yanar rumbu?"

Yalwa ta sunkuyar da kai. "Ni ce."

"Kash! Yarinya, ɗaki ake sharewa, tsakar gida ake sharewa. Rumbu ba a share masa yana, tun kakannin kakanni. Yanar nan ita ce tarkon ƙwarin hatsi, mai ita kuma shi ne mai gadi. Wanda ya shigo zai yi ƙwai a kan iri, a nan yake maƙalewa. Yanzu kin buɗe musu ƙofa. In aka bar su haka, babanki zai dawo ya tarar da dusa."

Yalwa ta fashe da kuka, ta kwashe labari duka ta faɗa, tun daga ƙuli-ƙuli har Zanzaro. Iya ba ta yi faɗa ba. Ta jawo ta jikinta, ta goge mata fuska da bakin zane, ta ce, "Shi Gizon, babba ne?"

"Kamar bijimin sa, Iya."

"Kin gan shi?"

"Na ga..." Sai ta tsaya. Ta yi tunani. "Bango na gani."

Iya ta ce, "To."

Suna cikin haka sai suka ji ɗan kuka siriri a gefen tabarma. Ƙoƙi ce, matar Gizo, ta ɗora hannu biyu a ka. Ta ce, "Yalwa, mijina maƙaryaci ne, makwaɗaici ne. Ya ci ƙulinki da furarki da tuwonki, ko ɓarɓashi bai kawo mini ba. Amma nawa ne, ba ni da wani. Ƙwan Zanzaro ya kusa fashewa, in 'ya'yanta suka fito shi za su fara ci. Na kankari lakar nan har hannuna ya gaji, ta bushe, sai ɗan adam ne zai iya fasa ta."

Yalwa ta miƙe tsaye. Ta dubi garin da ke hannun Iya, ta dubi gabas. Ta ce, "Iya, tsoro nake ji."

Iya ta ce, "Na sani. Ba sai ya tafi za ki je ba. Tafi da shi, in ya gaji zai sauka a hanya. Ni ma ga ni nan biye da ke."

Ta dafa sanda, suka tafi zaure a hankali, Ƙoƙi na biye da su. Sun yi sa'a Zanzaro ta tafi bakin rijiya ɗebo laka. Yalwa ta tara faifai a ƙasa, ta ɗauki dogon kara, ta tsaya daga nesa, ta runtse ido ta zunguri ɗakin lakar. Ɓaras! Wani abu ya faɗo kan faifai, tip.

Iya ta ce, "Buɗe ido."

"Ba zan iya ba."

"To buɗe ɗaya. Ɗayan ya zauna a gida ya jira labari."

Yalwa ta buɗe ido ɗaya. Ta nemi bijimin sa a bango, babu. Ta duba faifai, sai ga wani ɗan abu bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya naɗe ƙafafu a ciki, duk ƙura, yana ƙifta 'yan idanu. Ɗaya idon ya buɗe da kansa.

Ta ce, "Kai ne?"

Wata 'yar murya ta ce, "Ni ne, yayinya."

"Ina sauran naka?"

"Iyakata ke nan. Abin da kika gani a bango inuwa ce."

"Kai ne mai ɗauke yara?"

"Dube ni da kyau. Da wane hannun? In kai su ina? Kin taɓa jin gidan da aka yi zaman makoki aka ce ni ne? Ƙuda nake ci, da sauro, da ƙwarin hatsi. Ƙuli-ƙuli kuwa kwaɗayi ne, ba na musu."

Ƙoƙi ta ce, "Gara da ka faɗa da bakinka."

Gizo ya ce, "Ke ba ki san yadda kike ba in an dube ki daga ƙasa. Tafin ƙafarki ya fi ɗakina faɗi. Da kika diro cikin gidana da farko, saura kaɗan in suma. Ganin kin toshe ido ne ya sa na yi ƙarfin hali."

Yalwa ta ji wani abu ya kwance a ƙirjinta, kamar an sassauta ɗaurin zane. Ba wai tsoron ya tafi duka ba, amma ya rage nauyi. Ta ce, "Ƙwari suna cinye mana iri. Za ka koma?"

"Ƙafafuna ba sa motsi. Sai an kai ni."

Ta miƙa masa karan nan don ya hau. Ya ɗan kama, ya sulluɓe, ya faɗo. Ta kawo ludayi ta kwashe shi, tana riƙe da shi nesa da jikinta, har gindin rumbu. Nan ta tsaya. Tsani hannu biyu yake so, jinka ma hannu biyu take so. Wa zai riƙe ludayi? Iya ba ta hawa, Ƙoƙi ba ta iya ɗauka.

Sai suka ji zuuu daga wajen rijiya.

Gizo ya ce, "Wayyo, ga ta nan!"

Yalwa ba ta san lokacin da ta juye shi a bayan hannunta ba. Ta tsaya cik tana jiran cizo. Shiru. Abin da ta ji kawai kamar an ɗora mata ɗan zaren auduga. Da rana ta taɓa shi, ƙafa ɗaya ta motsa, ta biyu ta motsa, sai cakulkuli. Dariya ta kuɓuce mata, ga hawaye bai bushe ba.

Ta kama tsani ta hau, Gizo na maƙale da hannunta. Tana ɗaga jinka Zanzaro ta iso, ta tsaya a gaban hancinta.

"Wa ya fasa mini ɗaki? Ba ke kika ce in ɗauke shi ba?"

Yalwa ta rufe Gizo da ɗaya hannun. Ta ce, "Ni ce, kuma ban yi daidai ba. Mai gadinmu ne. Ki yi haƙuri, kullum zan riƙa jiƙa miki laka a gindin randa, ba sai kin je rijiya ba."

Zanzaro ta kewaya ta, ta ce, "Ɗan adam! Da safe ɗauke, da rana mayar." Ta yi gaba tana mita.

Yalwa ta sauke Gizo a bakin rumbu. Ya miƙe ƙafafu, ya yi hamma, ya kira ƙannensa da 'ya'yan ƙannensa, suka kama aiki. Wannan karon ba ta gudu ba. Ta kwanta a kan ciki tana leƙe, ta ga yadda yake jan zare daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo tsakiya, ya riƙa kewayawa yana ɗaurewa, ba kuskure, kamar Iya in tana ɗinkin faifai. Kafin rana ta yi sanyi yana ta lulluɓe irin, ƙwari sai faɗawa suke suna maƙalewa.

Wanda ya lalace ya riga ya lalace, ba a mayar da gari ƙwaya. Amma ɓarnar ta tsaya a nan. Da ruwan farko ya sauka baban Yalwa ya dawo, ya sauko da irin, ya sussuka, ya auna da ido, ya ce zai ishi gona in ban da ɗan gefen da ke bakin hanya. A nan suka shuka wake. Yalwa na biye da shi tana jefa iri tana rufewa da diddige.

Hali kuwa zanen dutse ne. Da ta koma ɗebo gero, sai ga bijimin sa a bango, ga murya kamar ganga: "Yayinya! Ina ƙuli-ƙulina?"

Yalwa ba ta dubi bango ba. Ta ɗaga kai ta nemi zaren, ta bi shi da ido har ƙarshensa. Ta ce, "Na gan ka." Ta gutsuri ɗan ɓarɓashi daidai cikinsa ta ajiye masa, ta ƙara wani ta ce, "Wannan na Ƙoƙi ne, kuma zan tambaye ta."

To kun ji. Abin da ka ƙi dubawa shi ke girma, ran da ka buɗe ido ka dube shi sai ya koma daidai jikinsa. Gani ya kori ji. Kuma kada ka kori abu daga gidanka sai ka san aikin da yake yi maka. Ban ce ku je kuna tura hannu a kowane rami ba, Ɗanlami, da kai nake, kunama ba ta san wasa ba. Cewa na yi ku duba kafin ku yi ihu.

Kungurus kan kusu. Ba don Gizo ba da na yi muku ƙarya, yau kuwa shi kansa Gizon yana bayan randa, ku tambaye shi.

Me kika ce, Sahura? Ni me na yi da na ji tatsuniyar? Ai da gari ya waye ban jira kowa ba. Na je bayan ɗakin Gwaggo Barmani inda na ga nawa gizon, na tsuguna daga nesa, na buɗe ido ɗaya. Raɓa ta kwanta a kan yanarsa kamar an jera duwatsun wuya, shi kuma yana tsakar gidansa yana gyaran zaren da na tsinka masa jiya. Na matsa kaɗan. Na ce masa sannu da aiki. Bai ko kula ni ba.